Daga 496 Zuwa 4,562: Yadda Aka Gano Tsarin Cikin Atam Ba Tare da An Buɗe Shi Ba

Ga lambobi biyu: 496 da 4,562. Ta farko ita ce makamashin da ake kashewa kafin a fizge elektiron ɗaya daga atam ɗin sodiyam, ƙarfen nan da ke cikin gishirin miya. Ta biyu kuma ita ce abin da za a kashe idan aka koma wa atam ɗin nan ana neman elektiron na biyu. Ninki tara har da ɗoriya. Atam ɗin dai shi ne, elektiron kuwa duk iri ɗaya ne, babu babba babu ƙarami a cikinsu. To me ya kawo wannan tazara?

Duk wanda ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO a fannin kimiyya ya san zanen nan: ɗigo a tsakiya, da'irori uku kewaye da shi, sannan a rubuta 2, 8, 1 a gefe. Yadda ake koyar da shi, sai ka ɗauka wani ne ya taɓa fasa atam ya leƙa ya ƙirga. Babu wanda ya yi haka. Zanen an gina shi ne daga awo, kuma cikin hujjojin da ke riƙe da shi babu mai fitowa fili kamar wannan makamashi na fizge elektiron. A ganina, ɗalibin da ya iya karanta waɗannan lambobi ya fi wanda ya haddace zanen sinadarai talatin sanin kimiyya.

Mu fara da abin da ake aunawa. Atam yana da cibiya mai ɗauke da furoton, masu caji irin na alamar ƙari da ke jikin batir. Kewaye da ita akwai elektiron, masu caji irin na alamar ragi. Biyun suna jan juna. Don haka raba elektiron da cibiya ba ya yiwuwa a kyauta, sai an biya da makamashi, kuma wannan farashin shi ne batunmu. Abin da ya rage bayan an cire elektiron ana kiransa ayon. Akwai sharaɗi ɗaya da ɗalibai ke yawan mantawa: dole atam ɗin ya kasance shi kaɗai, a matsayin tururi, ba a cikin dunƙulen ƙarfe ko ruwa ba. Idan yana manne da maƙwabtansa, abin da aka auna zai haɗa da riƙon maƙwabtan, ba nasa kaɗai ba.

Ma'aunin kuwa kilojul ne a kowane mol. Mol tarin atam ne mai yawan 6 da sifili 23 a bayanta, kusan haka. A sodiyam nauyinsa giram 23 ne. Kilojul 496 zai iya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Duk lambobin da za su biyo baya a wannan ma'auni suke.

Sodiyam yana da elektiron 11. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ga abin da ake samu: 496, 4,562, 6,910, 9,543, 13,354, 16,613, 20,117, 25,496, 28,932, 141,362, 159,076.

Kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Furoton 11 suna nan daram, elektiron ne ke raguwa, saboda haka waɗanda suka rage suna samun sauƙin turereniya a tsakaninsu, cibiya kuma tana ƙara matso da su. Abin lura shi ne hawan ba daidai yake tafiya ba. Daga na farko zuwa na biyu an yi tsalle. Daga na biyu zuwa na tara, guda takwas ke nan, ana hawa ne a hankali, babu inda lamba ta ninka wadda ta gabace ta ko da sau biyu. Sai kuma daga na tara zuwa na goma a sake yin wani tsallen, kusan ninki biyar. Ɗaya, sai takwas, sai biyu. A karanta daga ciki zuwa waje, 2, 8, 1 ɗin nan ce da malam ya rubuta a allo, ta fito da kanta daga awo.

A gwada magnisiyam: 738, 1,451, sai 7,733. Tsallen ya zo bayan na biyu. Alminiyam, wanda ake ƙera tukwane da shi: 578, 1,817, 2,745, sai 11,577. Tsallen ya zo bayan na uku. Shi ya sa idan aka ba ɗalibi jerin lambobi aka ɓoye sunan sinadarin, zai iya faɗin rukuninsa a jadawalin sinadarai ta hanyar ƙirga elektiron nawa aka cire kafin babban tsalle na farko.

Tarihin yadda aka zo nan gajere ne. A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron a Kambirij. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden suka yi ta harba ƙananan ƙwayoyi kan falle-fallen zinariya a Manchesta, suka ga tsiraru daga ciki suna dawowa baya. A 1911 Ernest Rutherford ya fassara wannan da cewa kusan duk nauyin atam a dunƙule yake a wata 'yar mitsitsiyar cibiya. Sai a 1913 Niels Bohr, ɗan ƙasar Danmak, ya kawo abin da ya shafe mu kai tsaye: elektiron ba ya zama a ko'ina ya ga dama, yana da matakan makamashi ƙayyadaddu, kuma ana iya lissafa su.

Lissafin Bohr ga atam mai elektiron ɗaya tak ba shi da wuya. A ɗauki 1,312, a ninka da cajin cibiya sau kansa, a raba da lambar zagaye, wato da'irar da elektiron yake a zanen nan, sau kanta. Haidirojin yana da caji 1, elektiron ɗinsa a zagaye na 1, amsa 1,312, kuma haka awo ya nuna. Hiliyam da aka riga aka cire masa elektiron ɗaya, saura ɗaya, cajinsa 2 ne: 1,312 sau huɗu, 5,248. Awo ya ba da 5,250. Litiyam da ya rage da elektiron ɗaya: 1,312 sau tara, 11,808. Awo ya ba da 11,815. Irin wannan dacewa ba ta zuwa bisa katari.

Amma da zarar elektiron sun kai biyu, lissafin sai ya kauce, kuma a wurin kaucewar ne darasi yake. Litiyam cikakke yana da furoton 3, elektiron na waje yana zagaye na 2. Da lissafin Bohr ya yi aiki kai tsaye, da an samu 1,312 sau tara a raba huɗu, wato 2,952. Abin da aka auna 520 ne kacal. Idan aka juya lissafin baya aka tambaya wane caji ne zai ba da 520, amsar ita ce kusan 1.3. Ke nan elektiron na waje ba ya jin jan furoton uku, ɗaya da 'yan kai yake ji. Elektiron biyu na ciki sun shiga tsakani, cajinsu na ragi ya soke mafi yawan na cibiya. Wannan shi ake kira kariya. Sodiyam ma haka: furoton 11, amma na wajensa abin da ke isa gare shi bai kai 2 ba.

Daga nan abubuwa uku da ke yanke farashi sun fito: yawan furoton, nisan elektiron daga cibiya, da kariyar na ciki. Idan ana sauka ƙasa a rukuni guda, nisa da kariya ke rinjaye. Litiyam 520, sodiyam 496, fotasiyam 419, siziyam 376. Siziyam yana da furoton 55, amma ya fi litiyam mai 3 sakin hannu. Shi ya sa sodiyam ake ajiye shi a nutse cikin mai irin kananzir don kada ya haɗu da iska ko danshi, siziyam kuwa idan ya taɓa ruwa fashewa yake yi. Idan kuma ana tafiya daga hagu zuwa dama a layi guda, furoton na ƙaruwa amma sabbin elektiron a zagaye ɗaya suke zama, kuma 'yan zagaye ɗaya ba sa kare juna sosai. Don haka riƙo yana ƙaruwa, daga litiyam 520 har niyon 2,081. Hiliyam ne kan gaba a duk jadawalin da 2,372.

Nan yawancin littattafan sakandare ke tsayawa, su ƙara da cewa akwai wasu 'yan wurare da ƙa'idar ba ta yi aiki ba, a haddace su. Ni kuwa a wajena waɗannan wuraren ne zuciyar al'amarin. Ga layi na biyu cikakke: litiyam 520, beriliyam 899, boron 801, kabon 1,086, naitirojin 1,402, oksijin 1,314, fulorin 1,681, niyon 2,081. Sau biyu lamba ta yi ƙasa maimakon sama: a boron, da kuma a oksijin. Layi na uku ya maimaita abin a daidai wuraren: magnisiyam 738 ya sauka zuwa alminiyam 578, fosforas 1,012 ya sauka zuwa farar wuta 1,000. Abin da ya maimaita kansa haka ba kuskuren na'ura ba ne. Yana nuna cewa takwas ɗin nan ba dunƙule ɗaya ba ce, kashi-kashi take: biyu, uku, uku.

Bayanin ya zo ne daga aikin Wolfgang Pauli a 1925 da na Erwin Schrödinger a 1926. Da'irar da ake zanawa ba hanya ba ce da elektiron ke bi yana kewayawa. Abin da ake da shi gurabe ne, wato yankunan da aka fi tsammanin samun elektiron, kuma kowane gurbi ba ya ɗaukar fiye da biyu. Zagaye na biyu yana da gurbi ɗaya da ake yi wa lakabi da s, da gurabe uku da ake yi wa lakabi da p. Elektiron na gurbin s yana yawan kutsawa kusa da cibiya, ya ratsa kariyar na ciki, don haka riƙonsa ya fi ƙarfi. Na p ba ya kutsawa haka. Beriliyam ya cika s ɗinsa da biyu. Elektiron na biyar, na boron, dole ya shiga p, inda riƙo ya fi rauni, har ƙarin furoton ɗaya bai isa ya cike giɓin ba. Saukar farko ke nan.

Ta biyu kuma daga cunkoso take. Gurabe uku na p ana fara cika su ɗaya-ɗaya ne, bisa ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Friedrich Hund. Boron ya sa ɗaya, kabon biyu, naitirojin uku, kowane a gurbinsa. Da aka zo oksijin babu gurbi fanko, sai na huɗu ya shiga inda wani ke ciki. Biyu masu caji iri ɗaya a wuri ɗaya, ture juna za su yi, kuma wannan turi yana rage abin da mai fizgewa zai biya.

Akwai hanyar gwada ko wannan bayani gaskiya ne ko labari ne kawai mai daɗin ji. Idan saukar tana bin adadin elektiron ne, ba sunan sinadari ba, to a fizgewa ta biyu ya kamata ta gusa gaba da mataki ɗaya, domin kowane atam ya riga ya rasa ɗaya. Haka kuwa aka samu. A fizgewa ta biyu boron 2,427 ne, kabon 2,353. Oksijin 3,388, fulorin 3,374. Saukar ta tashi daga boron ta koma kabon, ta tashi daga oksijin ta koma fulorin. Ban san wata hujja da ta fi wannan sauƙin nuna wa ɗalibi a aji ba, amma da wuya ka ga an kawo ta.

Yanzu sai wata magana da ta zama ruwan dare: wai sodiyam yana son ya ba da elektiron ɗinsa don ya samu takwas cif a waje. Lambobi ba su yarda da wannan ba. Da yana so, da ba a biya 496 ba. Babu atam ɗin da ke sakin elektiron a kyauta, ko siziyam sai an biya shi 376. Kuma idan kulorin, abokin sodiyam a cikin gishiri, ya karɓi wannan elektiron, abin da yake fitarwa 349 ne kawai. An kashe 496, an samu 349, faɗuwa ke nan ta 147. To yaya aka yi gishiri ya samu, har ya cika teku?

Ribar tana wani wuri. Ayon ɗin sodiyam mai cajin ƙari da na kulorin mai cajin ragi suna jan juna, kuma idan suka jeru cikin ƙwayar gishiri, kowane yana kewaye da shida na ɗaya ɓangaren, makamashin da ke fita ya kusa 790. Wannan ya biya faɗuwar, ya biya sauran ɗawainiya kamar mayar da ƙarfen tururi da raba kulorin, har ya bar saura. Da wannan lissafin ne kuma za a gane me ya sa sodiyam ke tsayawa a ɗaya, magnisiyam a biyu. Magnisiyam sai an kashe 738 da 1,451, jimla 2,189, amma ayon mai caji biyu yana jan abokinsa da ƙarfi sosai, abin da ke dawowa ya fi abin da aka kashe. Na uku, mai 7,733, babu haɗin da zai iya biyansa. Haka 4,562 na sodiyam. Takwas ɗin da ake gani a ƙarshe sakamako ne na inda tsallen farashi ya faɗo, ba buri ba ne da atam ke da shi.

Awon kansa bai zo da sauƙi ba. A 1914, a Balin, James Franck da Gustav Hertz suka riƙa harba elektiron cikin tururin zaiba suna ƙara ƙarfin wuta sannu a hankali. Duk lokacin da aka kai bolt 4.9 sai wutar da ke ratsawa ta faɗi. Suka ɗauka sun auna makamashin fizge elektiron na zaiba. Bohr ne ya nuna cewa ba haka ba ne: a 4.9 elektiron ɗin zaiba ya hau mataki na gaba ne kawai, bai fita ba. Fitar gaba ɗaya sai a 10.4. Gwajin ya zama hujjar matakan Bohr, kuma ya kai su ga kyautar Nobel ta 1925, duk da cewa fassararsu ta farko ba daidai ba ce. Idan elektiron ɗin da ya hau ya sauko, yana fitar da haske wanda ido ba ya gani, kuma shi ne farin hodar da ke cikin doguwar fitilar lantarki ke mayarwa hasken da muke gani.

Hasken rana ma yana wannan aiki na fizgewa a sararin sama, daga nisan kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, inda yake raba elektiron da naitirojin da oksijin. Wannan shimfiɗa mai caji ita ce ke dawo da zangon rediyo ƙasa, shi ya sa mai ƙaramar rediyo a ƙauye ke kama tasha daga wata nahiya a gajeren zango. Da dare ɓangarenta na ƙasa, wanda ke shanye zango da rana, yana ɓacewa saboda elektiron sun koma ga ayon ɗinsu, sai tashoshin nesa na matsakaicin zango su fito.

A ƙasan jadawali ƙa'idar sauka tana rauni. Galiyam yana ƙarƙashin alminiyam, amma 579 yake, alminiyam 578, saboda goma daga cikin furoton da aka ƙara a tsakani sun zo da elektiron na wasu gurabe da ake yi wa lakabi da d, waɗanda kariyarsu ba ta da ƙarfi. Zinariya ta fi ban mamaki: azurfa 731, zinariya da ke ƙarƙashinta 890. Da furoton 79, elektiron na can ciki suna gudun da ya haura rabin gudun haske, a nan kuwa sai ƙa'idar Einstein kan abubuwa masu irin wannan gudu ta shigo, gurabe s su tsuke, har da na waje. Wannan riƙo mai ƙarfi yana cikin dalilan da suka sa zinariya ba ta tsatsa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar karanta waɗannan lambobi shi ne Neil Bartlett, Baturen Ingila wanda a 1962 yake koyarwa a Jami'ar British Columbia a Kanada. Har zuwa farkon shekarun 1960, ana koyar da cewa iskokin rukunin ƙarshe, su hiliyam, niyon, agon, kirifton da zenon, ba sa haɗuwa da komai, domin zagayensu a cike yake. Bartlett yana aiki da wani haɗi na filatinam da fulorin shida, jan tururi mai tsananin kwaɗayin elektiron, sai ya gano cewa abin ya fizge elektiron daga iskar oksijin kanta. Ya duba lambobi: raba elektiron da ƙwayar oksijin mai atam biyu yana cin kusan 1,175. Na zenon 1,170 ne. Idan abin ya iya biyan na farko, me zai hana shi biyan na biyu?

A watan Maris na 1962 ya haɗa jan tururin da zenon marar launi, nan take wani abu mai ƙarfi, rawaya zuwa ruwan lemo, ya kwanta a jikin gilashi. Cikar zagaye ba ta hana komai ba, farashi ne kawai, kuma na zenon mai biyuwa ne. Kafin shekarar ta ƙare wasu masu bincike a Amurka sun haɗa zenon da fulorin kai tsaye. Sauran 'yan rukunin sun biyo baya bisa jerin lambobinsu. Kirifton, mai 1,351, an haɗa shi da fulorin a 1963. Agon, mai 1,521, sai a 2000 aka samu haɗinsa na farko a Jami'ar Helsinki, shi ma ba ya zama sai cikin sanyi mai tsananin gaske. Niyon mai 2,081 da hiliyam mai 2,372 har yanzu babu wani tabbataccen haɗi nasu da ke zama a zafi da matsin iska na yau da kullum.